Taron ma'aikata ana tsaka da aiki: ta ina ake farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin shirya taron ma'aikata na ƙarshen shekara. Mutum 60 ne, kuma aiki ya yi wa kowane sashe katutu. Shugaba yana son a yi taron ba tare da an rufe ofis ba. Don Allah masana, ta ina zan fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Sakatariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsayar da rana ya riga neman zaure. Ka kauce wa makon ƙarshe na wata da kwana ukun farko na sabo, domin lokacin ne sashen kuɗi ke haɗa albashi da rufe littattafai. Ko sun zo, hankalinsu na kan kwamfuta. Ka fitar da ranaku uku, shugabannin sassa su zaɓi ɗaya, a sanar mako shida kafin lokacin.

Sai maganar masu tsaron aiki, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Duk sashen da ke amsa wayar abokan ciniki ya ware mutum biyu su yi karɓa-karɓa, rabin lokaci kowa, don kada a ce wani bai ga taro ba sam. A rubuta musu takardar miƙa aiki shafi ɗaya: me ake jira yau, wa ke da ikon sa hannu, lambar wa za a kira in abu ya yi tsanani. In babu wannan takarda, za ka ga manajoji suna fita ɗaya bayan ɗaya, waya a kunne, kujerun gaba sun zama wayam.

Injiniyan sauti:
Na goyi bayan Hajiya. Teburi mai zagaye yana ɗaukar mutum 8 cikin walwala, ke nan tebura 8 sun ishe ka har da rarar kujeru 4. Makirufo biyu, ɗaya mai waya ɗaya maras waya, da sabon batir a aljihunka. Lasifika ta tsaya gaba da mai magana tana fuskantar jama'a. In makirufo ya shiga gabanta, sautin yana komawa ciki yana juyawa, shi ne wannan ƙarar da ke sa mutane toshe kunne. A gwada majigi da ainihin kwamfutar da za a yi amfani da ita, awa biyu kafin taro, saboda ba kowace ke da ramin HDMI, inda ake soka wayar majigi, ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To in mayar da shi ranar hutu fa?

Manajan ayyuka:
A'a ɗan'uwa, kada ka taɓa musu ranar hutu. Taron da aka kira don gode wa mutane bai kamata ya ci lokacin iyalinsu ba. Ka ɗauki awa uku na ƙarshen ranar aiki. Jawabin shugaba minti 10, sauran masu magana minti 5 kowa, kada su wuce mutum huɗu, a sa mai riƙe agogo wanda ba ya jin nauyin ɗaga kati. In za a ba da lambar yabo, a bayyana ma'aunin zaɓe tun da wuri, a kuma duba rubutun sunaye sau biyu kafin a kai wa mai bugawa.