Banki ya sayar da gidan yayana, kuma ana binsa ragowa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Yayana ya jinginar da gidansa na Sabon Gari a banki, ya ɗauki miliyan 12 na sefa don sarin albasa da wake. Kasuwa ta faɗi, kotu ta sa aka yi gwanjon gidan, miliyan 8 kacal ya kawo. Shekaranjiya kuma sai ga takarda wai saura miliyan 5 da ɗoriya. Gida ya tafi, yanzu haya yake a Garin Malam da ƴaƴa bakwai, to bashin me kuma?

Tsohon magatakarda: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gidan jingina ce kawai, bashin yana wuyan mutum. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ta sa wa yarjejeniyarta hannu a 1993, in kuɗin gwanjo bai kai ba, banki na iya bin ragowar a sauran dukiyarsa. Ga ruwan da ya taru, ga kuɗin shari'a, shi ya sa lissafin ya haura miliyan 4. Gwanjo kuwa ba ya kai farashin kasuwa, ƴan baranda suna nan suna jira. Ya nemi lissafi a rubuce, ya kai wa lauya.

Hajiyar Zengou: Allah ya kawo sauƙi. Ya tafi da dattijo su roƙi biya kaɗan-kaɗan, amma a sa hannu. Maganar baki ba ta tsayawa gaban alƙali.

Baƙo daga Amurka: A Kalifoniya, bashin da aka ci don sayen gidan zama ba a bin ragowarsa. Na yayanka na kasuwanci ne, ko a can da wuya ya tsira.