Juye bidiyon biki daga kyamara zuwa laftof na cin mini kusan awa biyu, ina matsalar take?

Sadiku Gyallesu:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kyamara. Shawara nake nema, don abin nan ya fara taɓa mini sana'a.

Da Sony A6400 nake ɗaukar biki, 4K a kan 100M, wato megabit 100 a sakan. Ranar Asabar na ɗauki kamu a Tudun Wada, da daddare kuma dina a wani zauren taro a hanyar Samaru. Na dawo gida da kusan GB 115 a memori ɗaya. Na jona kyamarar da laftof da 'yar igiyar da ta zo da ita, ina turawa had-disk ɗin waje da nake ajiye aiki. Windows na nuna MB 18 zuwa 20 a sakan, wai saura awa ɗaya da minti 40. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa dama sai addu'a, ya mutu aiki na kan kashi 70. Ga yayar amarya tana ta kira, wai ko na minti ɗaya ne in yanko mata ta sa a WhatsApp kafin a kai amarya.

Abin da ya ɗaure mini kai, a jikin memorin an rubuta MB 170 a sakan. To ina sauran 150 suka tafi? Jabu aka sayar mini, ko laftof ɗin ce ta tsufa in fara tarin kuɗin wata?

Malam Bashir Samaru:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena kada ka taɓa kuɗinka tukuna, ba a nan gizo ke saƙa ba. Igiyar nan ce.

Ramin jikin A6400 USB 2.0 ne. A takarda megabit 480 yake ɗauka a sakan, in ka raba takwas MB 60 ke nan, a aikace kuwa da wuya ka ga ya wuce 35, ta cikin kyamara ma sau da yawa bai kai haka ba. Ko memorin da ya fi kowane gudu a duniya ka sa, ta wannan 'yar ƙofar zai bi. Kamar tirela ce ta shiga lungun cikin birni, ƙarfin injinta ba zai faɗaɗa lungun ba.

Ka nemi na'urar karanta kati, rida, wadda aka rubuta USB 3.0 a jikinta. Ka zare memorin daga kyamara ka sa a ciki, ka soka ta a ramin laftof mai shuɗin harshe ko mai alamar SS a gefe. Amma kada ka sa ran 170 ɗin nan. Memorinka mai tsarin gudu na UHS-I ne, iyakar tsarin MB 104 ne a sakan, lambar da ta haura haka sai da rida ta musamman, irin ta kamfanin da ya yi katin, ake samunta. Da rida mai kyau za ka ga wajen 90. Lissafa: GB 115 a wannan gudun minti 21 ne ko 22, kafin ka yi Isha'i ka sha shayi an gama.

Ramin memori na jikin laftof ma ka gwada shi, sai dai a wasu tsofaffin laftof ta USB 2.0 aka haɗa shi daga ciki, gudun bai da bambanci da igiyarka.

Ummi Kongo:

Maganar Malam haka take, amma ni inda ake zubawa nake ji. Sadiku, had-disk ɗin naka mai faifai ne ko SSD, wato marar faifai mai saurin nan? Masu faifan nan na aljihu MB 100 zuwa 130 suke yi in suna da sarari, in sun kusa cika su ragu. Akwai kuma waɗanda za su fara da gudu kamar gaske, bayan ka zuba musu kaya da yawa a jere sai su faɗo ƙasa warwas. Lokacin da kake turawa ka buɗe Task Manager na Windows ka duba, tsakanin memorin da had-disk wanda ya tsaya a kashi 100 shi ne mai riƙe aikin.

Batun jabu kuma, ka sauke manhajar H2testw, kyauta ce. Tana cika memorin da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka girmansa na gaskiya da gudunsa. Sai ka kwashe aikinka kafin ka gwada, kuma tana ɗaukar lokaci.

Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: kwafa za ka riƙa yi, kada ka yanke. Ni garin sauri na taɓa yanke fayilolin walimar saukar Alƙur'ani, wuta ta tafi, aka tada janareta, faifan ya katse ya dawo. Uku daga ciki suka ƙi buɗewa, har da inda yarinyar ke karatu gaban malaminta. Har yau in na hango mahaifiyarta a kasuwa sai in canza layi. Tun ranar da manhajar kwafa ta TeraCopy nake juyewa, na kunna tantancewa ta gwada kwafin da na asali, ba na goge memori sai aikin yana wuri biyu. Tantancewar na ƙara lokaci, na yarda da hakan.

Ɗan PZ:

Oga ka huta da wahala, ka sayi memori UHS-II, mai alamar gudun rubutu V60 ko V90, mai layi biyu na ƙarfe a baya. Tsarinsa har MB 312 yake kaiwa. Shi ke nan magana ta ƙare.

Malam Bashir Samaru:

Ɗan PZ, a yi a hankali da aljihun yaro. A6400 ba ta amfani da layi na biyun nan, a cikinta kamar UHS-I zai yi aiki. Kuma 100M ɗin da yake ɗauka MB 12.5 ne kawai a sakan, wato GB 45 a awa, V30 ta ishe shi har da ragowa. Wajen juyewa UHS-II zai yi amfani, gaskiya ne, amma sai da rida ta UHS-II da SSD da zai iya karɓa, in ba haka ba ka sayi gudun da ba za ka gani ba. Kuɗin memori ɗaya irin wannan gara ya haɗa ya sayi SSD.

Na manta ban faɗa ba, Sadiku: ka kwafi jakar PRIVATE ta cikin memorin gaba ɗayanta, kada ka shiga jakar M4ROOT da ke cikinta kana tsintar fayil ɗaya-ɗaya.

Sadiku Gyallesu:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Yaya Ummi. Jiya na shiga Sabon Gari na samo rida. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na jona, sai na ga MB 31, har na fara shirin mayar wa mai shago kayansa. Da na haska tocila na leƙa, ashe rami ɗaya tak ne shuɗi a laftof ɗin, na hagu. Rida na ciki, had-disk kuma na baƙin rami. Abin kunya, shekara biyu a shuɗin nan nake soka linzamin kwamfuta.

Sai na juye kai tsaye zuwa SSD na cikin laftof: MB 88, minti 22 aka gama. Memorin ma na gwada shi da dare, lafiyarsa ƙalau. Matsalar yanzu SSD ɗin GB 256 ne, biki ɗaya ya kusa cinye shi. In na sayi abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, gudun ba zai rabu biyu ba?

Malam Bashir Samaru:

Za su raba hanya ɗaya, amma hanyar gigabit 5 ce, a aikace tana ɗaukar wajen MB 400, rida da faifanka ba za su cika ta ba. Ka dai tabbata na USB 3.0 ne, kuma mai nasa cajar, don faifan waje na jan wuta, in bai samu isasshe ba sai ya riƙa katsewa a tsakiyar aiki. In za ka saya ka tafi da laftof ɗin da memorin ka gwada a gaban mai shagon. Linzamin kuma a mayar da shi baƙin rami.