Lafiyar mota kafin jarrabawar tuƙi

Abin da masu koyar da tuƙi da tsofaffin direbobi suka fi nanatawa shi ne, mai jarrabawa yana duba mota kafin ya duba tuƙinka. In ya ga ba ta cancanci hawa titi ba, yana iya soke jarrabawar nan take.

Fitilu aka fi kuka da su. Ƙwan fitilar birki ɗaya ya mutu, shi ke nan, an dawo da kai gida. Shawarar ita ce ka sa wani ya tsaya bayan motar kana taka birki, tun jajibirin ranar. Sigina kuwa in ta fara ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ya ƙone. Taya ma haka: a ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 ba, kuma kumburi a gefenta haɗari ne na gaske. Bel, hon, madubai da waifa duk su yi aiki.

Inda aka rabu shi ne ƙaramar tsagewar gilashin gaba. Wasu sun ce in ba ta tare idon direba ba, ana bari. A ganina gara a gyara, domin hukuncin yana hannun mai jarrabawa.