Neman kalma: me za mu kira dogon agogon nan na Turawa?

1/ Assalamu alaikum, jama'a. Kalmar yau ita ce grandfather clock, agogon nan mai gidan katako da ake girkewa a ƙasa, tsayinsa ya kai mita 2 ko ya ɗara. A Ingila da Amurka abin da ake gada daga iyaye ne, masu tara kayan tarihi kuma suna zuba kuɗi a kansa wurin gwanjo.

2/ Da yawanku kun ce "agogon kaka". Ni dai bai kwanta mini ba. Sunan daga wata waƙa ya fito, wadda Henry Clay Work ya yi a Amurka a 1876, alhali agogon ya girmi waƙar da kusan shekara 200. Bahaushen da bai san waƙar ba, me sunan zai nuna masa? Sannan kaka a wurinmu har da mace, su kuwa suna da wani gajeren agogo daban da suke jingina wa kaka mace.

3/ Wata Hajiya ta kawo "agogon gado". Hajiya, Allah Ya ƙara basira, amma a rubuce wani zai ɗauka na gefen gadon kwana ake nufi. Kuma har gobe ana ƙera sababbi, ba wanda ya gaje su.

4/ Mu duba dalilin tsawon. A 1656 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙirƙiro agogo mai lilo, wato ƙarfen da ke rataye yana kaɗawa hagu da dama. Wajen 1670 maƙeran Landan suka gano dabarar da ta sa lilon ya daina buɗewa da faɗi, sai suka tsawaita shi ya kusa mita 1, kowane kaɗawa daƙiƙa ɗaya. In ka buɗe ƙofar gidan za ka ga ƙarafa biyu masu nauyi a rataye: ɗaya na juya hannayen agogon, ɗaya na buga ƙararrawa. A hankali suke sauka, yawanci har kwana 8, sai a zura makulli ta ramukan fuskar agogon a murɗa su koma sama. Dole su sami wurin sauka, dole a kare su daga ƙura, shi ya sa gidan ya yi tsawo.

5/ Don haka nawa zaɓin shi ne "agogon tsaye". Muna da agogon hannu, muna da agogon bango, duk da mazauninsu muka san su. Jamusawa ma haka suke kiransa a harshensu.

6/ Wani Malam ya ja hankalina cewa in an ce agogo ya tsaya, to ya daina aiki ke nan. Gaskiya ne, Malam, amma wancan tsayayyen agogo ne, kunne ba zai haɗa su ba.

7/ Saura lilon. Masu gyaran agogo na Kano da Damagaram, da wane suna kuke kiransa a bakin aiki? In kuna da shi, naku za mu ɗauka.