Ƙanƙarar Bukoki, Albasar Galmi

Malamin Lakkol (Yantala):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Makon jiya damina muka waƙe, wannan makon mu sauko kasuwa. Jiya na tsaya sayen ƙanƙara wurin wata dattijuwa a unguwar Bukoki, nan Yamai, hira ta ja mu har aka kira magariba, ta ba ni labarin abin da ta gani tun 2023. Na roƙe ta ta shigo cikinmu, ita ke faɗi, ɗiyarta na rubutawa. Babban amsa-amo "wa" ne, ƙarami kowa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah za ni farawa,
Mai ciyar da tsuntsu can cikin dawa.

Manya su zauna can a ɗakin taro,
Su sa hannu, su tashi da gaisuwa.

Kafin tawadar nan tasu ta bushe,
Tiyar gero ta hau a kasuwa.

Inna, bismilla, fili naki ne,
Faɗa mana yadda ƙanƙara ta koma ruwa.

Inna Mai Ƙanƙara (Bukoki):
Malam, na amsa, Allah shi biya ka,
Ka tsaya ka ji ni da kunnuwanka,
Ba kowa ke tsayawa ba kamarka,
Ga tsohuwa mai ƙullin ruwa.

Firigo guda, na gwanjo na saye shi,
Wata goma ina zubin adashi,
Marayu huɗu ke ci a bayanshi,
Shi ne gonarmu, shi ne inuwa.

Ran da anka yanke wuta da damina,
Leda ɗari na ƙulla da hannuna,
Da zoɓo da lemun tsamiyana,
Kafin la'asar sun ɗau narkewa.

Na zubar a tsakar gida ina kallo,
Kaji na sha, yara na ta ƙwallo,
Har kuɗin Laraba na makarantar allo,
Sun bi rairayi, babu dawowa.

Ban san Abuja ba, ban je taro ba,
Ban ɗau bindiga ba, ban hau kujera ba,
Ba a tambaye ni ko kalma guda ba,
Amma tukunyata anka fara hukuntawa.

Malamin Lakkol (Yantala):
Sannu Inna. Ga ƴan uwan da ba su Yamai a lokacin: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja ran 30 ga wata ta sa takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka tsayar da wutar da ke zo mana ta layin Birnin Kebbi, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga Najeriya take zuwa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage. Kusan wata bakwai ke nan, ku auna da mai cin abinci daga firigo guda.

Manomin Albasa (Galmi):
Ƴar'uwa sannu, kukanki ya kai Galmi,
Ciwonmu guda, bai bambanta da komi,
Naki ya narke, namu ya tahi kurmi,
Ya tsaya bakin gadar Gaya yana ruɓewa.

Albasa ba ta jiran a shirya,
Kwana goma ga rana bisa hanya,
Buhu ya jiƙe, ruwa na tsiyaya,
Direba ya kira ni, murya na rawa.

Ya aiko hoto ta WhatsApp na duba,
Kamiyo a jere, ban ga ƙarshensu ba,
Na gane nawa, ban yi shakka ba,
Jan zare na ɗinka, ga ƙuda na hawa.

Da, sai bayan wata ka ji labari,
Yau da idonka ka gani tun da wuri,
Ka gani, ka kasa, ka haɗiye haƙuri,
Waya ba ta da hannun buɗewa.

Kuma ba daga nan tamu ta hwara ba. Wata biyu kahin juyin mulki, ƙarshen Mayu 2023, Najeriya ta cire tallahin mai. Mu nan injin ban-ruwa da man ruwa-ruwa ya saba, wanda aka shigowa da shi ta Illela da Ƙonni. Da yawanmu munka maida injin bisa butelin gas, wanda bai iya ba ya rage hili.

Magana guda ta hita daga Abuja,
Kwalbar mai a Ƙonni ta yi daraja,
Inji ya yi shiru, igiya nika ja,
Da guga na koma ban-ruwa.

Direban Kamiyo (Talaje):
Baba, layin nan da ka gani,
Ina ƙetarensa, shinkafa ke gare ni,
Ga Gaya can, kogi ya raba ni
Da gida, kwale-kwale kaɗai ke wucewa.

Da, daga Kwatano kwana uku mu iso,
Yanzu Lome muke bi, ba don mun so,
Mu ratsa Togo, mu shiga Burkina Faso,
Kaya, Dori, Tera, da rakiyar soja muke zuwa.

Ka yi mako biyu, uku, kana jira,
A haɗa ayari kafin a fara,
Kowane kwana kuɗi yake ƙara
Kan buhun da Inna za ta tarar a kasuwa.

Akwai wurin da ba a tsayawa fitsari,
Ba a kunna rediyo, sai istigfari,
Ka ga ƙonanniyar mota a bayan gari,
Ka ce wa yaron mota ya bar dubawa.

Rezo ya ɗauke, kwana biyu shiru,
Uwargida na tunanin abin da ya faru,
Ina shiga Tera saƙonninta su taru,
Na farko faɗa, na ƙarshe kuka da gaisuwa.

In kun ji shinkafa ta yi tsada kada ku zagi mai kanti shi kaɗai. Ni da nake ɗauko ta na san kuɗin da ke hawa kanta tun daga bakin teku: mai, taya, abincin kwanakin jira, da hayar da mai mota ya ƙara don ya san abin da motarsa za ta ratsa.

Ɗalibi (Harobanda):
Iyayena da Yayana, na karanta duka, kuma gidanmu ma an yi ranakun da tukunya sau ɗaya ake ɗorawa. Amma ku ba ni dama in faɗi ɗaya gefen.

Arlit ana haƙa tun kakana na saurayi,
Ƙasar wasu ta haskaka, ɗakinsu ya yi sanyi,
Mu muna aron wuta, wa ya ɗora mana nauyi?
Ran da maƙwabci ya ja waya, duhu muka yi,
Wannan shi ne ciwon da ya fi yunwa.

Na kwana Eskadiri a bisa kwalta,
Ruwa ya dake mu muna riƙe da tuta,
Zancen ƙasa ne, haka muka furta,
Sojan Faransa suka tattara suka fita,
Da idona na ga ranar tana zuwa.

Tun 1971 ake fitar da uraniyum daga Arlit. Eskadiri ita ce mahaɗar hanya kusa da sansanin da sojan Faransa suka zauna a Yamai; na ƙarshensu sun tashi ran 22 ga Disamba 2023. A Yuli 2024 litar isansi ta sauko daga Sefa 540 zuwa 499. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ita ta rage mana duhu ana tsakiyar takunkumi. A 2025 kuma Hausar nan da muke waƙa da ita ta zama harshen ƙasa. Ba na raina waɗannan.

Inna ki yi haƙuri, ki ƙara juriya,
Gidan aro ba ya zama na magajiya,
Wanda ya ƙi zafi ba ya cin moriya,
Mu sha wuya yau, jikoki su yi dariya,
Sai da naƙuda ake samun haihuwa.

Inna Mai Ƙanƙara (Bukoki):
Ɗana, Allah shi yi maka albarka,
Ban ƙi tuta ba, ina bayanka,
Ni ma na yi guɗa ran murnarka,
Amma saurara, ka ji ta uwa.

Naƙuda na sani, sau bakwai na durƙusa,
Ungozoma takan zauna kusa-kusa,
Ba ta ce mini "haƙuri" daga nisa,
Hannunta na bayana har haihuwa.

In kun ga manya ku kai musu saƙona,
Madatsar Kandaji nake ji tun ina goyon ɗana,
Yau ɗansa ke ɗaukar mini kwanona,
Har yau wutarta muke saurarawa.

Takunkumi ya tafi, na ji, na gode,
Da bazara har yau wuta na yin zillo a daɗe,
Ni dai a bar mini dare guda a haɗe,
Ruwa ya daskare, in samu na sayarwa.

Ɗalibi (Harobanda):
Na karɓa Inna. Ba ni da baitin da zai tsaya gaban na ungozoma. Zan kwafe shi in karanta wa abokaina a fada yau da dare.

Mai Gyaran Salula (Babbar Kasuwa):
Ni Baba na Galmi nake son amsawa, da ladabi.

Baba, ka ce waya ba ta da hannu,
Gaskiya ne, amma mu bi ta a sannu,
Ta ciyar da gidan da ba shi da shanu,
Ina gani kullum a Babbar Kasuwa.

Wata tsohuwa ta zo da salula a ƙulle,
A gefen zane, gilashi ya ɓalle,
Hannu na rawa, ga sauran jan lalle,
Ta ce: ɗana na Abijan, yau zai yi aikowa.

Na canza gilashi, na sa mata caji,
Saƙo ya shigo, ta ce karanta in ji,
Jika ashirin ne daga hannun magaji,
Ta nufi wurin karɓa tana godewa.

Da sai an jira ɗan gari zai dawo,
A ɗinke kuɗi cikin wando ya kawo,
Ko su iso, ko su gamu da ɓarawo,
Yau kafin shayi ya nuna an gama aikawa.

Baba ka fi ni sanin Adar, ka san gida nawa ke cin tuwo da kuɗin ƴan bida na Abijan lokacin da rumbu ya ƙare. Tun da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ta fara aiki ƙasar nan a Maris 2025, har wuraren da rezo ba ya kai wa ana samun mai sayar da tikitin intanet. Roƙona guda ne: muryoyin nan da ake turawa, yau a ce gobe za a canza Sefa, gobe a ce jibi za a buɗe gadar Gaya, kada mu tura sai mun ji daga bakin hukuma. Na san wanda ya ji irin wannan ya ruga ya juyar da ɗan jarinsa duka cikin kaya da tsada, har yau bai miƙe ba.

Manomin Albasa (Galmi):
Ɗana, na karɓi gyara, ba ni musu da wanda abin ke wucewa ta hannunshi.

Ƙanena na Kumasi shi ka aiko farashi,
Dillali ya zo, in kunna murya in sa mishi,
In bai yi ba, rudu na nan, ba ni cikin bashi,
In aje ta har kaka, lokacin hawa.

Ga ƴan birni da ba su san rudu ba: ɗakin kara da ciyawa ne da muka ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa albasa. Watan Maris da Afrilu kowa na cirewa, kasuwa ta cika, buhu ya hwaɗi. Mai iya jira shi ka cin riba, ko da wani kashi zai ruɓe cikin rudu. Amma wanda ya ci bashin taki da mai tun shuka, ko ya ji farashin Kumasi sau goma, dole shi saida a gona.

Sanin farashi daɗi gare shi,
In kana da ƙarhin da za ka jira shi,
Maƙwabcina ya ji, ya share hawayenshi,
Ya saida rabin kuɗi, mai bashi na tsayuwa.

Mai Gyaran Salula (Babbar Kasuwa):
Haka ne Baba, wannan ba ni da maganinta. Inna kuma, akwai firigo mai aiki da faranti na hasken rana da batir, ba ruwansa da layi. Yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. In ƙanwata za ta zo ran Asabar, zan rufe tebur in raka ta mu zaga mu tambayo, mu san abin da adashi zai fuskanta.

Direban Kamiyo (Talaje):
Ni zan yi sallama, an kira mu, gobe da asuba za mu kama hanyar Tera.

Ku sa mu addu'a, manya da yara,
Mu kai Lome, mu ɗauko, mu yi jira,
In Allah Ya so kafin azumi ya fara,
Ku ji hon ɗina a bakin Wadata ina dawowa.

Inna Mai Ƙanƙara (Bukoki):
Allah shi kai ka, Allah shi maido ka,
Shi rufe idon mugu daga motarka,
Zan leƙa Talaje in gaida iyalinka,
In rezo ya ɗauke, in zauna da ƴar'uwa.

Wuta ta zo tun isha, ba ta ɗauke ba,
Leda biyar na ware, ban saida ba,
Ka biyo ta Bukoki kafin asuba,
Ka buga ƙyaure sau biyu, ina fitowa.