Wa ya kashe ƙananan akori-kura a Amurka, masu saye ko doka?

Sani Ohayo: Assalamu alaikum jama'a. Wata uku kenan a nan Amurka ina neman ƙaramar akori-kura da zan riƙa ɗaukan kayan fenti da tsani zuwa wajen aiki, irin mai ƙofa biyu da doguwar bodi ɗin nan, wlh na gaji. Duk wajen dilan da na shiga sai a kai ni gaban F-150 ko Silverado ko Ram, mota kamar ɗaki, bonet ɗinta ya kawo min ƙirji, wasu kuɗinsu ya haura dala 50,000. Jiya wani dila yake ce min wai ai mutane ne suka daina son ƙananan shi ya sa aka daina yi. Ni kam ban yarda ba. Ba gudunsu aka yi ba, kashe su aka yi, doka da kamfanoni ne suka haɗa kai.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka yi haƙuri amma dilan nan gaskiya ya faɗa maka. Shekarata ashirin ina sauke motoci ta Kwatano, ban taɓa ganin ɗan kasuwan da ya bar abin da ke fita ya kama wanda ba ya fita ba. Ɗauki Ford Ranger. A 1999 an sayar da kusan 350,000 a Amurka, zuwa 2010 ko 60,000 ba ta kai ba. Shi ya sa a Disamba 2011 suka rufe masana'antarta ta St. Paul a Minnesota, a shekarar kuma aka daina Dodge Dakota. Wa ya riƙe hannun mutane ya hana su saye tsawon shekarun nan goma?

Injiniya Hadiza: Alhaji ranka ya daɗe lissafinka daidai ne amma akwai abin da ka tsallake. Ranger ɗin da aka sayar a 2010 kusan ita ce dai ta 1998, fitila da ɗan gaban kawai ake taɓawa, alhali F-150 ana ta yi mata sabon jiki da sabon inji. In ka bar kaya ya tsufa a kanti sannan ka ce babu mai so, laifin waye? Kuma a 2011 ɗin da suka rufe St. Paul, a shekarar suka fito da sabuwar Ranger suna haɗa ta a Tailan da Afirka ta Kudu, ana kai ta ƙasashe da dama, Amurka ce dai ba a kai wa ba. Sai 2019 ta dawo, ta dawo kuma ba ƙarama ba.

Baba Audu Makaniki: Ni duk abin nan mamaki yake ba ni. Mu da muka taso da 404 da 504 akori-kura haɗin Kaduna, buhu nawa ne ba ta ɗauka ranar kasuwa? Har da mutane a sama. To su me suke lodawa a can da sai mota ta yi girman tirela? Kuma Hilux da ta cika mana gari, ba ita suke hawa ba?

Musa Maraɗi: Baba ai babu Hilux a kasuwar Amurka tun 1995, Tacoma ce ta gaje ta. Kuma ko kana so ba za ka shigo da sabuwa da arha ba saboda abin da suke kira harajin kaza. Asalinsa rigima ce kan naman kaji, Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora wa kajin Amurka haraji, shi kuma shugaba Lyndon Johnson ya rama, daga 1964 aka sa kashi 25 cikin ɗari kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su, a lokacin Volkswagen aka nufa. Rigimar kaji ta mutu tuntuni amma harajin na nan daram. Har dabaru aka riƙa yi, Subaru ta kafa kujeru biyu a cikin bodin motarta BRAT don a lissafa ta a motar fasinja. Kwanan nan ma a 2024 Ford ta yarda ta biya dala miliyan 365 kan ƙaramar motar kayanta Transit Connect da take kawowa daga Turkiyya da kujerun baya, in an wuce kwastan a cire su. To ka ga Malam Sani bai yi ƙarya ba, hannun hukuma na ciki dumu-dumu.

Alhaji Bala: Madalla Musa, ai kai ka kawo min hujja da kanka. Harajin nan tun 1964 yake ko? To yaushe ƙananan akori-kura suka yi tashe a Amurka? Shekarun 1980 da 1990, harajin na nan a lokacin. S-10 ta Chevrolet ta fito a 1982, Ranger ta biyo baya, Nissan ta je Smyrna a Tennessee ta gina masana'anta a 1983 ta fara da akori-kura don ta kauce wa harajin. Abin da bai hana su tashi ba ta yaya za a ce shi ya kashe su bayan shekara arba'in da wani abu?

Musa Maraɗi: Gsky wannan ka kama ni Alhaji, shi kaɗai bai isa ba. Amma ya toshe ƙofa, da manyan suka bar gurbin babu wanda ya iya shigowa daga waje ya cike.

Injiniya Hadiza: Wadda ta fi damuna ita ce dokar shan mai, CAFE, da aka kafa tun 1975. Da can kamfani zai haɗa duka motocin kayansa ne a fitar da matsakaicin mil nawa suke yi da galan ɗaya, don haka ƙaramar mota tana yi masa rana, ita ke rufa wa manyan asiri a lissafi. Sai aka canza tsarin, aka fara a 2008 ya zama dole a 2011, aka koma auna filin da ke tsakanin tayoyi huɗu, tsawo sau faɗi, kowace mota da nata ma'aunin. In filin babba ne a sassauta maka, in ƙarami ne a matsa maka sai ka yi tsimin mai sosai. To ku duba, akori-kura ƙarama mai shasi na ƙarfe dama tana da nauyi kuma ba ta yanka iska da kyau, kai ta ga ma'aunin nan sai an kashe kuɗi mai yawa a inji, alhali motar talaka ce ribarta kaɗan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja ta ta yi tsawo ta yi faɗi. Doka an yi ta don a rage shan mai amma ta koma tana saka wa wanda ya ƙara girma, wannan abin yana min ciwo wlh.

Zainab Hustan: Ni bari in faɗi abin da nake gani a unguwarmu, don kuna ta maganar doka kun manta da gida. Maƙwabtanmu da yawa babbar akori-kurar nan ita ce motar iyali, ƙofa huɗu, a ɗaure yara uku a baya a kai makaranta, ranar Asabar a ja jirgin ruwa ko tirelar yawo. Ranger ta da mutum biyu ko uku take ɗauka, ina za ka sa kujerar jariri? Ga mai da arha in ka kwatanta da Turai, ga tituna da faɗi, ga bashin mota na shekara shida ko bakwai da ke sa mutum ya daina kallon jimillar kuɗin sai abin da zai biya a wata. Don haka ina tare da Alhaji rabi. Amma son ran nan yana da kuɗin da wasu ke biya, ɗana ɗan shekara shida in ya tsaya gaban irin motocin nan direba ba zai gan shi ba sam. Cibiyar IIHS ta masu inshora ta fitar a 2023 cewa motar da gabanta ya wuce inci 40 ta fi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari a kan mai gajeren gaba. Kullum in za mu tsallaka wajen fakin sai na damƙe hannunsa.

Sani Ohayo: Allah ya tsare mana su Hajiya. To Alhaji ga tambaya ɗaya, in babu masu so, me ya faru da ƙaramar akori-kurar nan Maverick? Ford ta fito da ita a 2021 kan dala 19,995, inji mai haɗa fetur da lantarki, mutane suka yi mata caa har sai da kamfanin ya dakatar da karɓar oda don ba zai iya cikawa ba. A 2024 ta wuce 130,000. Ina waɗannan mutanen suke duk shekarun da ake cewa babu su?

Alhaji Bala: Suna nan, ban ce babu ko ɗaya ba. Amma a shekarar F-Series, wato dangin F-150, ta wuce 700,000, kuma tun 1977 babu akori-kurar da ta kamo ta a Amurka. Sannan ka duba Maverick ɗin da kyau, ƙofa huɗu ce, bodinta ƙafa huɗu da rabi, a kan ƙashin Escape, ƙaramar jif ɗin Ford, aka gina ta. Wato ko da ƙaramar ta dawo, da siffar da Hajiya Zainab ta faɗa ta dawo, ba da wadda kake nema ba. Tsaninka zai shiga?

Sani Ohayo: Ba zai shiga ba, na gwada aunawa, shi ya sa ban saya ba.

Injiniya Hadiza: Kuma ku lura a Hermosillo ta Meziko ake haɗa ta, inda yarjejeniyar ciniki ta daɗe tana kare ta daga harajin kaza, sannan injin nan mai lantarki shi ke sa ta cika ma'aunin shan mai. Sai da aka bi ta waɗannan ramuka biyu kafin ta yiwu a wannan farashin. Alhaji ka ce kasuwa ce, to amma ai wani ne ya shata filin da ake cin kasuwar.

Alhaji Bala: Injiniya na yarda doka ta tura, ban yarda ita ta fara ba. Ranger ta fara gangarowa tun farkon shekarun 2000, kafin a zo maganar auna tayoyi. Kuma kar mu manta da riba, albashin ma'aikata da na'urorin tsaro da kwamfutar mota kusan ɗaya ne ko ƙarama ko babba, amma babbar za ka ɗora mata kujerun fata ka ƙara dubun dubata a biya ka. Ni ma da ni ne mai kamfanin nan zan karkata.

Musa Maraɗi: Abin da zai ba ku mamaki, yanzu manoma da masu ƙananan sana'a a can kurkura suke odowa daga Japan, Hijet da Suzuki Carry da Honda Acty, inji 660cc, irin dai waɗanda ke jigilar kaya a Kano. Doka ta ce sai mota ta shekara 25 kafin a shigo da ita ba tare da ta cika ƙa'idojinsu ba, don haka tsofaffi suke saye, wasu jihohin ma su hana su lamba. Mutum ba zai sha wannan wahalar kan abin da ba ya so ba.

Sani Ohayo: Na yi tunanin kurkurar amma babbar hanya nake bi kullum, ba zan shiga tsakanin tireloli da ita ba. Akwai wata Ranger 2009 da na gani, mai silinda huɗu, giyar hannu, ta yi tafiya sosai amma mai ita ya ƙi rage ko dala ɗari wai mutum uku na jira. Gobe in sha Allah zan je in duba.

Baba Audu Makaniki: To ɗana in ka je kar fenti ya ɗauke maka hankali. Ka ce gishiri ake zuba wa titunanku lokacin ƙanƙara, don haka ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka bubbuga shasin tun daga gaba har baya, musamman wajen da sifirin baya ya kama. In ka ji ƙarfen ya yi taushi ko yana zubo da tsatsa ka bar masa kayarsa ko nawa ya rage. In shasin lafiya, ɗauko min sautin injin da safe kafin ya yi zafi ka turo in saurara.