Tikitin wuraren wasa daga hannun masu rangwame: a saya ko a bari?

Hajiya, daga Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Hutun makaranta ya matso, iyalai da dama na shirin kai ɗiya Dubai da Abu Dhabi. Ana ta turo talla a WhatsApp da Instagram, masu cewa suna da tikitin wuraren wasa na can irin su Ferrari World da IMG da Motiongate ƙasa da kuɗin ƙofa, wasu har rabi. Waɗanda sunka san harkar, don Allah ku faɗa muna, akwai aminci cikin wanga ciniki? Kuma ragin ya kai a wahala dominai?

Alhaji mai shirya tafiye-tafiye, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Masu rangwame ba iri ɗaya ba ne, nan ne mutane ke rikicewa. Akwai dillalan da wurin wasan da kansa ya ba izini. Suna karɓar tikiti da yawa a farashin sari, su ɗora ɗan riba, su sayar ƙasa da kuɗin ƙofa. Irin su Klook da GetYourGuide da Headout da Tiqets, da Rayna Tours a Dubai, da Undercover Tourist ga masu zuwa Disney na Amurka. Tikitinsu daga cikin na'urar wurin wasan yake fitowa, shi ya sa ƙofa ke karɓa.

Sai masu shago irin namu da ke saye daga hannun waɗancan su sayar maka da naira. Su ma ba laifi in an san shagonsu, an san inda za a iske su gobe.

Na ukun shi ne matsala: mutum a bayan lambar waya, ba shago, ba suna, shina cewa ka tura kuɗi asusunsa shi turo maka hoton tikiti. Ragin dillali mai izini bai da yawa, domin daga cikin ribarsa yake yankowa. Wanda duk ya ce rabin farashi a lokacin hutu, a tambaye shi inda ya samo.

Malam na banki, Arkilla:
Alhaji ya gama magana kan masu sayarwa, bari in ɗora da yadda ɓarnar ke faruwa, domin sanin hanyar shi ke sa a gane ta tun daga nesa.

Tikitin yanzu lambar QR ce kawai. Na'urar ƙofa ba ta san wanda ya biya ba, lambar ta sani, kuma sau ɗaya take karɓarta. Mai damfara kan sayi tikiti guda na gaske, shi tura hotonsa ga mutum biyar. Wanda ya riga isa ƙofa ya shiga, sauran huɗu na'ura ta nuna an riga an yi amfani da shi. Hoton na gaske ne, shi ya sa duban ido bai kama shi.

Wata hanyar kuma, a sayi tikitin da katin banki na sata. Ranar da anka turo maka lafiya lau yake. Bayan sati ɗaya ko biyu mai katin ya kai ƙara bankinsa, a janye kuɗin, wurin wasa ya soke lambar. Kai ba ka da labari sai kana tsaye a layi da yara. Wagga ta fi cin wanda ya saya da wuri yana ganin ya yi dabara.

Hajiya, daga Mabera:
To Malam, in an biya kuma abin ya ɓaci, akwai hanyar dawo da kuɗi?

Malam na banki, Arkilla:
Ya danganta da yadda anka biya, Hajiya. In da katin Visa ko Mastercard kika biya a shafin kamfani, kina da damar kai ƙorafi bankinki cewa an karɓi kuɗi ba a ba da abin da anka saya ba. Banki zai nemi rasit, da imel ɗin tabbatarwa, da shaidar cewa ƙofa ta ƙi tikitin. Saboda haka in an ƙi ki, kada ki juya da fushi kawai. Ki je kantar kula da baƙi ki roƙi su rubuta maki dalili, ko ki ɗauki hoton abin da na'ura ta nuna. Kuma a kai ƙorafin da wuri, domin akwai wa'adi.

In kuwa tiransifa anka yi zuwa asusun mutum, da hannunki kika tura, dawo da shi da wuya ƙwarai. Yawanci kafin a kai rahoto an kwashe kuɗin.

Abu biyu game da kati. Katin naira ya daɗe bai biya a waje, a 2025 wasu bankuna sunka sake buɗewa amma da iyaka. A tambayi banki nawa ne iyakar kafin a zauna saye, kada a biya tikiti uku na huɗu ya ƙi. Sannan in shafi ko na'urar biya ta tambaya a cire da naira ko da dirhami, a zaɓi dirhami. In ka zaɓi naira su ne za su yanka maka canji, kuma canjinsu ya fi na banki tsada.

Malama mai koyarwa, Runjin Sambo:
Ni abin da nike so a kula da shi bai shafi damfara ba ma. Tikiti na iya zama na gaske, dillali mai izini, amma ba naka ba ne.

A Daular Larabawa akwai farashin mazauna ƙasa, wanda ya fi na baƙi sauƙi. Sharaɗinsa shi ne nuna katin zama na Emirates ID a ƙofa. Wasu masu talla wannan farashin suke ɗorawa su ce rangwame ne. Baƙo mai bizar yawon buɗe ido ya zo da shi, a ce ina katin, babu, sai dai ya cika kuɗi ko ya sayi sabo. Kafin biya a nemi inda anka rubuta wa tikitin ya halatta gare shi. In an ga kalmar mazauna ƙasa ko ta ƙasashen yankin Gulf, mai fasfon Najeriya da ya zo hutu ba ya ciki.

Haka nan a duba ko mai ranar shiga ne ko buɗaɗɗe. Mai rana ya fi araha amma in ranar ta wuce ya mutu. Buɗaɗɗe kuma kan zo da ranakun da ba ya aiki, irin su hutun ƙarshen shekara ko ranakun Idi, kuma waɗannan su ne daidai lokacin da mutanenmu ke tafiya.

Alhaji mai shirya tafiye-tafiye, Gawon Nama:
Malama ta taɓo inda ni ke jin zafi. Jama'a, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. An sake buɗe wa 'yan Najeriya bizar Daular Larabawa a watan Yuli na 2024, amma da sharuɗɗa, kuma ba duk wanda ya nema ke samu a ranar da ya so ba. Mafi yawan tikitin rangwame ba a mayarwa, ba a canza rana. Tsarin shi ne biza tukuna, sai jirgi, sai masauki, tikitin wasa a ƙarshe.

Kuma mu da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III sai mun bi ta Abuja ko Legas kafin mu haɗu da na waje. In na Sakkwato ya yi jinkiri, tafiyar duka ta matsa. Kada a sa ranar wasa washegarin sauka. A bar kwana ɗaya tsakani, yara ma su huta.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mai saye: takardar da dillali ya turo iri biyu ce. Wata kai tsaye ake nuna ta a ƙofa a shiga. Wata kuwa takardar musaya ce, sai an je kanta an bi layi an canza ta da tikiti na ainihi, wani lokaci da nuna fasfon wanda sunansa ke jiki. Saboda haka sunan da za a rubuta wajen saye ya zama na wanda zai je, kuma yadda yake a fasfo, ba sunan ɗan'uwa da ya taimaka da katinsa daga gida ba.

Ƙaninku, Gidan Dare:
Iyayena da yayyena, a yi mani uzuri in sa lissafi, domin tambayar Hajiya ta biyu ita ce ko ragin ya kai. Mu ɗauki misali kawai: tikiti dirhami 350, dillali ya rage kashi 10 cikin ɗari, ke nan dirhami 35. Iyali mai mutum shida sun rage dirhami 210. Dirhami 3.67 ne dala ɗaya, to kusan dala 57 ke nan. Kuɗi ne, ya isa abincin rana a cikin wurin. Amma kafin a yi murna a buɗe shafin wurin wasan na ainihi a gwada, domin su ma farashin intanet ɗinsu kan yi ƙasa da na ƙofa. Da farashin intanet za a gwada na dillali, ba da na ƙofa ba. Kuma a kai har shafin biya na ƙarshe, can ne ake ganin ko an ƙara kuɗin hidima.

Inda ragi mai kauri yake shi ne irin tikitin da anka zaɓa. A tsibirin Yas na Abu Dhabi akwai Ferrari World, da Yas Waterworld, da Warner Bros. World, da SeaWorld da anka buɗe a 2023, kuma ana sayar da tikitin haɗi na wuri biyu ko uku ko huɗu. Kuɗin kowane wuri na sauka sosai fiye da abin da dillali zai iya ragewa kan tikiti guda. Sai dai a karanta cikin kwana nawa dole a gama su bayan shigar farko. Haka Dubai Parks and Resorts ke haɗa Motiongate da Legoland da Real Madrid World. Wanda ya sauka a otal ɗin Atlantis na Dubai kuma shigar wurin wasan ruwa na Aquaventure na cikin kuɗin ɗakinsa, wasu otal-otal na Yas ma kan yi irin haka. A tambayi masauki kafin a sayi abin da an riga an biya.

Malama mai koyarwa, Runjin Sambo:
Allah shi yi maka albarka ƙanena. In ƙara da awo. A auna tsayin kowane yaro a gida kafin a zaɓi wuri, a rubuta da santimita. Wasu wuraren da tsayi suke raba tikitin yaro da na babba, ba da shekaru ba. Manyan lilo kuma kowane da tsayin da anka gindaya. Formula Rossa na Ferrari World gudunsa ya kai kilomita 240 a awa, ba a ɗora ƙaramin yaro. Iyali mai 'yan shekara huɗu zuwa takwas sun fi cin moriyar Legoland, wanda domin 'yan shekara 2 zuwa 12 anka gina shi. Tikiti mai rangwame na wurin da yaro zai wuni yana kallon wasu na hawa asara ce ko nawa anka rage.

Ga mata kuma, Yas Waterworld kan ware lokaci na mata zalla. Tikitinsa daban yake da na yau da kullum, a tabbatar wanda ake saye. Kuma lokacin zafi a fi karkata ga na cikin rufi masu sanyi, irin IMG da Warner Bros. World. Global Village, filin baje koli da wasanni na Dubai, kuwa ba ya buɗewa da zafi, daga wajen Oktoba yake farawa, kuɗin shigarsa kaɗan ne, kuma wasannin ciki biyansu daban. Wannan bai kai a nemi dillali ba.

Alhaji mai shirya tafiye-tafiye, Gawon Nama:
Masu zuwa Disney na Amurka da Faransa, kalma ɗaya. Kada a sayi ragowar kwanakin tikitin wani. A Walt Disney World da ke Florida ana haɗa tikiti da yatsan wanda ya fara shiga da shi, wani ba ya iya ci gaba da shi, kuma dokar jihar Florida ta hana sayar da irin wannan ragowar. Tikitin Disney daga dillali mai izini ana iya sa lambarsa cikin manhajar Disney tun ana gida, in ya hau ka san na gaske ne. Yaro ƙasa da shekara 3 ba ya biya, kada wani ya sayar maka.

Hajiya, daga Mabera:
Mun gode ƙwarai. To masu Umara da ke son biyawa Riyad da yara fa, da kuma na nan gida?

Ƙaninku, Gidan Dare:
Na Riyad, Hajiya, irin Boulevard World na lokacin bikin Riyadh Season ne, kuma ta manhajar Webook ake sayen tikitinsa. A saya can kai tsaye, a duba ko bikin na gudana a ranakun tafiyar. Na gida kamar Magicland na Abuja, a saya a ƙofa ko ta lambar da ke shafinsu na ainihi, kuma a tambaya ko kuɗin shiga ya haɗa da hawa lilo ko kowane da nasa.

Malam na banki, Arkilla:
In dole sai an bi ta hannun mai shago a nan Sakkwato saboda matsalar kati, a nemi abu uku kafin a bar shagon: rasit mai sunan shagon, ainihin takardar PDF da anka turo masa maimakon hoton fuskar waya, da lambar oda. Da lambar odar a tura imel ga wurin wasan a tambaya ko tikitin na raye kuma na wace rana ne. A yi haka sau biyu, ranar saye da kuma kwana biyu kafin tashi, saboda wancan sokewa da ke zuwa daga baya. A buga takardar kwafi biyu, ɗaya hannun maigida ɗaya cikin jakar uwargida, domin waya kan mutu ko intanet ya ƙi a bakin ƙofa.